Kora da Hali: Shari'ar France Télécom da Asalin Haƙƙin Kashe Waya Bayan Tashi daga Aiki

Ranar 20 ga Disamba 2019, wata kotu a birnin Paris ta yanke wa Didier Lombard, tsohon shugaban kamfanin France Télécom, hukuncin ɗaurin shekara ɗaya, wata takwas daga ciki na je-ka-gyara-halinka, tare da tarar yuro 15,000. Irin hukuncin da ya hau kan mataimakinsa Louis-Pierre Wenès ke nan, da daraktan kula da ma'aikata, Olivier Barberot. Shi kansa kamfanin an ci shi tarar yuro 75,000, iyakar abin da doka ta ba da dama. Ba a tuhumi ko ɗaya daga cikinsu da taɓa dukiyar kamfani ba, kuma ba a ce sun tsaya a kan wani ma'aikaci suna zaginsa ba. Abin da kotu ta same su da shi shi ne tsara wata manufa, daga can saman bene, wadda aka gina domin ta dagula wa ma'aikata zaman aiki har su gaji su tafi da ƙafarsu. Alƙalai sun kira shi muzgunawa ta hanyar tsarin ma'aikata, sunan da babu shi a kundin dokar Faransa kafin ranar. Bahaushe kuwa ya daɗe da nasa sunan: kora da hali.

A yau, duk kamfanin da ma'aikatansa ke aiki daga gida ta kwamfuta yana da abin faɗa game da lafiyar ƙwaƙwalwa: layin kiran mai ba da shawara, manhajar koyon natsuwa, taron bita kan yadda ake shawo kan damuwa. Wani ɓangare mai muhimmanci na wannan tarihi ya ratsa ta wancan kamfani na Faransa, kuma ya ratsa ta hanyar da ba ta da daɗin ji.

France Télécom ya fara rayuwa ne a matsayin sashen gwamnati, ƙarƙashin ma'aikatar gidan waya da tarho. Ma'aikatansa ma'aikatan gwamnati ne, sun shiga ta jarrabawa, suna da tabbacin aiki har ritaya. Su ne suka shimfiɗa wa Faransa layukan tarho a shekarun 1970, lokacin da ƙasar ke baya a wannan fanni, su ne kuma suka kafa Minitel a farkon shekarun 1980, na'urar da ta kai wa gidajen Faransawa wani abu mai kama da intanet tun kafin intanet ta iso. Mutum ne da ya san sana'arsa, yake hawa turke cikin sanyi ya gyara layin ƙauye, ya sauko yana jin ya yi wa ƙasa hidima. Wannan alfahari yana da muhimmanci ga fahimtar abin da ya biyo baya.

Daga 1991 aka fara zare kamfanin daga jikin gwamnati. A 1997 aka kai hannun jarinsa kasuwa. A 2000, ana tsakiyar zazzaɓin intanet, ya sayi kamfanin wayar salula na Orange da tsada mai yawa, ya kuma zuba kuɗi a wasu sayayyen da ba su haifar da ɗa mai ido ba. Zuwa 2002 bashin da ke kansa ya kusa yuro biliyan 70. A 2004 kason gwamnati ya faɗo ƙasa da rabi, kamfanin ya zama na 'yan kasuwa. (Masu karatu a Nijar sun san sunan Orange, domin reshen wannan kamfani ne ya yi aiki a ƙasar daga 2008 har aka sayar da shi a 2019, a Kamaru kuwa yana nan har yanzu.)

Lombard ya karɓi ragama a 2005 da bashi a gabansa, da abokan gasa masu araha a bayansa, da kuma fasahar da ke sauyawa daga tarhon waya zuwa intanet da salula. Shirinsa, wanda aka laƙaba wa NExT, ya tanadi rage ma'aikata 22,000 cikin shekara uku, daga 2006 zuwa 2008, tare da sauya wa wasu 10,000 wurin aiki ko sana'a, a kamfanin da ke da ma'aikata wajen 120,000 a Faransa. A nan gizo yake saƙa: mafi yawan waɗannan mutane har yanzu suna riƙe da matsayinsu na ma'aikatan gwamnati, doka ba ta yarda a sallame su don rage kashe kuɗi ba. Wanda ba za a iya kora ba, sai a sa ya nemi tafiya. A watan Oktoba 2006, a gaban taron manyan jami'an kamfanin, Lombard ya ce zai tabbatar an tafi ko ta wace hanya, ko ta taga ko ta ƙofa. An rubuta maganar a takardar bayanan taron, kuma bayan shekara 13 aka karanta ta a kotu.

Yadda aka aiwatar da shirin shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin babu wani abu guda a cikinsa da za a nuna a ce ga ta'asa. An raba wa shugabannin sassa adadin mutanen da ake son su ragu a ƙarƙashinsu, aka ɗaura wani kaso na alawus ɗinsu a kan cika wannan adadi. An rufe ofisoshi a ƙananan garuruwa, aka ce wa mai iyali ya koma wani gari mai nisa ko ya riƙa doguwar tafiya kullum. An kafa ƙa'idar cewa jami'i ba zai wuce shekara uku a kujera ɗaya ba. Injiniyan da ya shekara 25 yana gyaran layi sai ya wayi gari a shagon sayar da wayoyi, ko a zauren amsa kiran abokan ciniki, da na'urar sauraro a kunne, yana karanta jawabin da aka rubuta masa, kwamfuta tana ƙirga daƙiƙun da ya ɓata a kowane kira da yawan abin da ya sayar. Wani kuma a bar shi da tebur babu aiki. Saƙonnin imel suna shigowa a kai a kai suna nuna masa guraben aiki a wasu ma'aikatu, shugabansa kuma yana kiransa ganawa bayan ganawa yana tambayarsa inda ya kwana game da shirin tafiyarsa. A cikin takardun horar da shugabannin sassa har da zanen matakan jimami da likitar nan Elisabeth Kübler-Ross ta tsara game da masu fuskantar mutuwa, an aro shi don nuna wa shugaba matakan da ma'aikaci zai bi, daga musu zuwa fushi zuwa karaya, kafin ya sallama. Wato an san za a ji ciwo, an ma zana taswirarsa.

Ba a rasa masu gargaɗi ba. A 2007 ƙungiyoyin ƙwadago biyu, SUD-PTT da CFE-CGC, suka kafa wata cibiya ta bibiyar damuwa da sauyin wurin aiki na dole. Likitocin ma'aikata sun rubuta rahotanni, wasunsu suka ajiye aiki da suka ga ba a sauraronsu. Martanin kamfanin shi ne buɗe ɗakunan sauraro, inda ma'aikacin da abin ya dama zai je ya amayar da abin da ke ransa. Adadin waɗanda ake son su tafi kuwa bai motsa ba. Hannun da ke tsunkule shi ne ke miƙo man shafawa, kuma wannan ɗabi'a ba ta mutu tare da shirin NExT ba.

A tsakanin 2008 da 2009, ma'aikatan kamfanin 35 ne suka kashe kansu. Abin ya fito fili sosai a watan Yuli 2009, lokacin da wani ƙwararren ma'aikaci a birnin Marseille ya bar wasiƙa yana cewa aikinsa a France Télécom ne kaɗai dalili, yana kuma kwatanta salon shugabancin da mulkin tsoratarwa. A watan Satumba, bayan ganawa da ministan ƙwadago, Lombard ya yi wa 'yan jarida maganar da ta bi shi har ƙarshen aikinsa, inda ya kwatanta mace-macen da yayi da ya kamata a kawo ƙarshensa. Washegari ya nemi gafara, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Aka dakatar da sauye-sauyen dole, Wenès ya sauka a Oktoba, Lombard ya miƙa ragamar gudanarwa ga Stéphane Richard a Maris 2010.

Akwai muhawarar da ta taso a lokacin wadda bai kamata a tsallake ta ba. Wasu masana ƙididdiga sun nuna cewa idan aka auna mutum 35 cikin shekara biyu da yawan ma'aikatan kamfanin, adadin bai zarce na sauran Faransawa masu irin shekarunsu ba. Lissafin ba ƙarya ba ne, kuma kashe kai abu ne da ba safai yake da sababi guda ba. Sai dai lissafin ya amsa tambayar da ba ita aka yi ba. Masu bincike ba su tsaya kan jimilla ba, sun bi mutum ɗaya bayan ɗaya, wasiƙarsa, takardun sauyin aikinsa, abin da likitansa ya rubuta. Binciken da kamfanin Technologia ya gudanar a ƙarshen 2009 ya samu amsa daga ma'aikata wajen 80,000, yawan da shi kansa ya nuna cewa mutane suna cike da magana. A Fabrairu 2010 wata jami'ar sa ido kan ƙwadago, Sylvie Catala, ta miƙa wa mai gabatar da ƙara na Paris rahoton da ya zama ginshiƙin shari'ar. Aka shafe shekara tara kafin a zauna. Daga 6 ga Mayu zuwa 11 ga Yuli 2019 kotu ta duba al'amuran mutum 39: 19 sun kashe kansu, 12 sun yi yunƙuri, 8 sun faɗa ciwon damuwa mai tsanani ko sun daina iya aiki. Ba a tuhumi shugabannin da kisa ba. Tambayar da ke gaban alƙalai ita ce ko dokar hana muzgunawa a wurin aiki, wadda Faransa ta kafa a Janairu 2002, za ta iya kama wanda ya tsara manufa, ko kuwa ta tsaya ga wanda ya muzguna wa wani baki da baki. Suka ce za ta iya. Sun amince cewa kamfani yana da ikon rage ma'aikata; abin da suka hukunta shi ne hanyar da aka bi.

Wannan shi ne zare na farko. Na biyun ya faro ne daga wani wuri dabam, sai daga baya suka haɗu.

Dokokin 1998 da 2000 da suka mayar da makon aiki a Faransa awa 35 sun zo da wata ƙofa ga manyan ma'aikata: ana iya lissafa aikinsu da kwanaki a shekara maimakon awoyi a mako, iyakar da daga baya ta tsaya a kwana 218. A lokacin da aiki ke zaune a ofis, wannan ba matsala ba ce sosai, tunda mai gadi zai kulle ƙofa. Da kwamfutar tafi-da-gidanka da wayar BlackBerry suka shigo, sai kwanan aiki ya rasa bakin iyaka, ya malala cikin dare da ranar hutu. Kotun ƙolin Faransa ta fara taka birki da wuri. A Oktoba 2001 ta yanke cewa ba dole ne ma'aikaci ya yarda ya mayar da gidansa wurin aiki ba. A Fabrairu 2004, a shari'ar wani direban motar ɗaukar marasa lafiya da aka kora don bai ɗaga wayarsa ta kansa ba lokacin hutu, ta ce rashin samun mutum a waya bayan lokacin aiki ba laifi ba ne. A Jamus ma, a ƙarshen 2011, Volkswagen ya amince da wakilan ma'aikata cewa na'urorinsa za su daina tura imel zuwa wayoyin wasu ma'aikata rabin awa bayan tashi, sai rabin awa kafin a koma. A Afrilu 2014 ƙungiyoyin ƙwadago da masu kamfanonin fasaha da ba da shawara na Faransa suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta wajabta wa masu aikin lissafin kwanaki katse na'urori domin su samu hutun awa 11 da doka ta tanada. Jaridun Ingila suka baza cewa Faransa ta haramta imel bayan ƙarfe shida na yamma. Ba haka aka yi ba, amma labarin ya fi gaskiyar gudu, kuma har yau ana maimaita shi.

Inda zaren biyu suka haɗu shi ne wani mutum mai suna Bruno Mettling. Shi aka ɗauko a 2010 ya zama daraktan kula da ma'aikata na France Télécom, domin ya kwantar da ƙurar da ta tashi. A 2013 kamfanin ya yar da tsohon sunansa gaba ɗaya ya koma Orange. A 2015 gwamnati ta nemi Mettling ya rubuta rahoto kan yadda fasahar zamani ke sauya rayuwar aiki, ya miƙa shi a Satumba ga ministar ƙwadago Myriam El Khomri. Daga cikin shawarwarinsa akwai haƙƙin katse layi, wato ikon ma'aikaci ya kashe waya da kwamfutar aiki bayan ya tashi ba tare da ya ji tsoron abin da zai biyo baya ba. Ya haɗa shi da cewa nauyi ne a kan kowa, ma'aikaci da shugaba, kuma ya ja hankali kan auna yawan aikin da ake ɗora wa mutum, tunda awoyi sun daina nuna shi. Shawarar ta shiga dokar ƙwadago ta 8 ga Agusta 2016, ta fara aiki 1 ga Janairu 2017. Ba daidai ba ne a ce mace-macen 2009 su kaɗai suka haifi dokar, tunda hukunce-hukuncen kotu sun riga su. Amma su ne suka sa Faransa ta ɗauki wahalar zuci a wurin aiki a matsayin batun siyasa, kuma ba ƙaramin abin lura ba ne cewa wanda ya rubuta shawarar ya shekara biyar yana zaune a kujerar da Barberot ya bari.

Dokar kanta ba ta da haƙora sosai. Ta umarci kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da wakilan ƙwadago kan yadda za a yi amfani da wannan haƙƙi. Idan ba a daidaita ba, kamfani ya rubuta takardar ƙa'idoji da kansa. Ba ta sa lokacin da za a daina tura saƙo ba, ba ta kuma tanadi tara ta musamman ga wanda ya karya takardar ba. Kuɗin da ma'aikata suka samu a kotu sun fito ne ta tsofaffin dokoki, kamar a Yuli 2018 da kotun ƙoli ta tabbatar da biyan fiye da yuro 60,000 ga wani jami'in kamfanin Rentokil Initial da aka wajabta masa barin wayarsa a kunne dare da rana, bisa hujjar cewa zaman jiran kira aiki ne da ake biya. Rauni mafi girma kuwa shi ne wanda Mettling da kansa ya hango: idan aikin da aka ɗora wa mutum ya fi ƙarfin awoyinsa, ba shi izinin kashe waya ba ya rage komai, sai dai ya mayar da laifin kansa idan ya kunna.

Sai annobar korona ta zo. Ranar 17 ga Maris 2020 aka kulle Faransa, miliyoyin mutane suka koma aiki daga ɗakunan kwana da teburan cin abinci. Abin da ya bayyana a lokacin ba sabo ba ne ga masu bincike. Shekara goma kafin nan, masanin tattalin arziki Nicholas Bloom da abokan aikinsa sun gudanar da gwaji a kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip a birnin Shanghai na ƙasar Sin, inda aka tura wasu masu amsa kira gida na wata tara. Ƙwazonsu ya ƙaru da kashi 13 cikin 100, amma da aka ba su zaɓi a ƙarshe, kusan rabinsu suka nemi komawa ofis, kuma kaɗaici na cikin manyan dalilansu. An kuma ga cewa ƙarin girma ya fi jinkiri ga wanda ba a ganinsa. Aiki daga gida yana sauƙaƙa wa mutum zirga-zirga, yana ba shi lokacin iyali, kuma da yawa ba sa son rabuwa da shi. Sai dai yana cire abokin aikin da zai dubi fuskar mutum ya ce lafiya kuwa, ya bar shi da allon da ke nuna ko yana kan layi ko ba ya kai. Duk wanda ya karanta shaidun da aka bayar a shari'ar Paris zai gane kayan aikin: raba mutum da waɗanda ya saba da su, auna shi da alƙaluman da kwamfuta ke fitarwa, isar masa da hukunci ta imel. A France Télécom sai da aka yi shiri aka kashe kuɗi kafin a keɓe ma'aikaci. A aikin nesa keɓewar tana nan tun ranar farko, ko da babu mai mugun nufi.

Wasu ƙasashe sun bi sahu, kowace da nata salo. Italiya ta saka batun a dokar 2017, Sifaniya a 2018. Majalisar Tarayyar Turai ta nemi a yi doka ta bai ɗaya a Janairu 2021. Fotugal ta juya al'amarin a ƙarshen 2021, ta ɗora wa mai kamfani nauyin kada ya tuntuɓi ma'aikaci lokacin hutunsa sai da larura ta gaske, tare da tara, wanda ya fi na Faransa ma'ana, domin ƙaramin ma'aikaci ba ya iya ƙin amsa kiran maigidansa ko da doka ta ce yana iya. Beljiyam ta fara da ma'aikatan gwamnatin tarayya a Fabrairu 2022, Ostareliya ta kafa nata a Agusta 2024. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a 2019, ta sanya ƙonewar ƙarfi saboda aiki a kundinta na rabe-raben cututtuka, amma ta bayyana shi a matsayin abin da ke tasowa daga wurin aiki, ba cutar da mutum ke ɗauke da ita ba. Wannan bambanci shi ne ainihin abin da aka yi wata biyu ana jayayya a kansa a kotun Paris, inda lauyoyin waɗanda ake tuhuma suka riƙa komawa ga raunin kowane mamaci da matsalolin gidansa, lauyoyin iyalai kuma suna komawa ga adadin 22,000.

Orange bai ɗaukaka ƙara ba, ya kuma kafa kwamitin biyan diyya ga waɗanda abin ya shafa. Tarar yuro 75,000 da aka ci shi ta faɗo ne a shekarar da kuɗin shigarsa ya haura yuro biliyan 42. Barberot ya janye tasa ƙarar. Lombard da Wenès sun ci gaba, kuma a 30 ga Satumba 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da laifinsu amma ta mayar da ɗaurin gaba ɗaya na je-ka-gyara-halinka, ta yadda babu wanda ya kwana a kurkuku. Suka wuce kotun ƙoli da hujjar cewa ba za a hukunta mutum da laifin da babu sunansa a doka lokacin da ya aikata ba. Ranar 21 ga Janairu 2025 kotun ta yi watsi da hujjar, ta ce dokar 2002 ta riga ta ƙunshi irin wannan aiki, kuma ba sharaɗi ba ne shugaba ya san ma'aikacin da manufarsa ta cutar, ko ya taɓa jin sunansa.